Daga Hatimin Allo zuwa Sudoku

Akwai gardamar da ta ƙi ƙarewa tsakanin matasan Tambuwal masu buga Sudoku a waya da dattawan da suka tashi a makarantar allo. Matasa sun ce wasan Japan ne, ba ruwansa da mu. Dattawa kuwa da sun leƙa wayar suka ga gidaje 81 an jera su tara-tara, sai su ce ai hatimi ne aka sake wa riga. Ni ina bayan dattawa, kuma ba don girman furfura ba.

Sinawa sun san murabba'in gidaje tara tun zamani mai nisa. A ƙarni na 10 Ikhwanus Safa na Basra suka rubuta a kansa, sannan Ahmad al-Buni, wanda ya rasu wajen 1225, ya cika littafin Shamsul Ma'arif da ire-irensa. Ta hannun malamai da fatake ilimin wafaƙi, wato irin wannan hatimin lambobi, ya ƙetaro Sahara ya zauna a allunanmu.

Wanda ya kamata kowane ɗalibin lissafi a ƙasar nan ya san sunansa shi ne Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, mutumin Katsina. Ya yi karatu a wurin Muhammad al-Wali na Bagarmi, ya tafi aikin hajji, kuma a 1732 ya rubuta Bahjat al-Afaq, inda ya shimfiɗa ƙa'idojin gina wafaƙi mai layuka uku, biyar, bakwai, har sama. Ya ƙare rayuwarsa a Alƙahira, a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, ya rasu a 1741. Shekaru 63 ke nan kafin jihadin 1804, balle zaman Muhammadu Buhari ɗan Shehu a ribaɗin Tambuwal. Abin takaici, ɗalibanmu na sakandare sun haddace sunan Pythagoras, shi kuwa Bakatsinen ko labarinsa ba su taɓa ji ba.

A dubi ƙaramin hatimin da gardi a Kebbe zai zana ba tare da ya ɗaga kai ba. Layin sama 4, 9, 2, na tsakiya 3, 5, 7, na ƙasa 8, 1, 6. Kwance, tsaye ko a karkace, jimla 15 ce. A kusurwoyi akwai 2, 4, 6, 8, wato ba, dal, wau da ha a hisabin abjadi. Me ya sa dole 5 ce a tsakiya? Lambobin duka sun haɗa 45. Layuka huɗu ne ke ratsa gidan tsakiya, jimlarsu 60, kuma sun taɓa kowane gida sau ɗaya, na tsakiya kaɗai sau huɗu. Rarar 15 ɗin ta gidan tsakiya ce sau uku. Ba canke, ba gwaji. Hankali ne ya rufe duk ƙofofi ya bar guda, kuma aikin mai warware Sudoku ke nan.

Masu ja suna cewa a Sudoku ba a tara lambobi, sharaɗin kawai kada lamba ta maimaitu a layi, don haka kakansa Leonhard Euler ne da binciken da ya fitar a 1782. To, amma hatimin haruffa fa, wanda ake juya haruffan suna har kowane harafi ya faɗo sau ɗaya tak a kowane layi? Wannan yana cikin littattafan da ake jingina wa al-Buni, ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Euler. Ko wasannin da jaridun Faransa, Le Siècle a 1892 da La France a 1895, suka buga, wafaƙi ne mai tara-tara aka goge wasu gidajensa aka ce mai karatu ya cike.

Sauran labarin gajere ne. Mujallar Dell ta Amurka ta buga wasan a 1979 da sunan Number Place, ana kuma jingina shi ga Howard Garns. Kamfanin Nikoli na Maki Kaji ya kai shi Japan a 1984 ya raɗa masa suna. Wayne Gould, tsohon alƙali ɗan New Zealand, ya shawo kan jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a Nuwamba 2004. A 2012 Gary McGuire na Dublin ya tabbatar da kwamfuta cewa sai an ba da lambobi aƙalla 17 wasan zai iya samun amsa ɗaya tilo.

A wasannin Sudoku masu tsauri ne gwanaye ke komawa ga dabaru kamar X-Wing. A ce lamba 7 gida biyu kawai za ta iya shiga a layi na 2, haka ma a layi na 8, kuma gidajen huɗu suna kan layukan tsaye guda biyu. Ba ka san inda za ta sauka ba tukuna, amma ka san ta kama layukan tsayen nan biyu, sai ka goge ta daga sauran gidajensu. Sau da yawa daga nan ƙulli ke kwancewa.

Na san malamai da dama suna ƙyamar hatimi saboda tsibbu, kuma ba na jayayya da su a kan aƙida. Sai dai lissafin da ke ciki lissafi ne, ana iya raba shi da laya. Malamin lissafi a Tambuwal ko Kebbe zai iya fara darasi da gidaje taran nan a kan allon aji, ya sa yara su gano da kansu dalilin zaman 5 a tsakiya, ya ambaci sunan al-Kashnawi, sannan ya miƙa musu gidaje 81.