Marisuwa da Asirin Murar Yara

A watan Satumba na 1918 wani jirgin ruwa mai suna Bida ya tsaya a Ikko da marasa lafiya a ciki. Daga nan cutar ta bi hanyar jirgin ƙasa, wadda ta isa Kano tun 1911, ta watsu cikin ƙasar Hausa, aka sa mata suna marisuwa. An ƙiyasta ta kashe mutum wajen dubu ɗari biyar a Nijeriya. Shekaru da yawa bayan haka dattawa da ita suke lissafin haihuwar mutum, su ce wane ɗan shekarar marisuwa ne.

Likitocin zamanin nan sun zaci sun san mai laifi. Tun 1892 wani Bajamushe, Richard Pfeiffer, ya ga wata ƙwayar cuta irin ta bakteriya cikin majinar masu mura, ya ce ita ce sanadi. Aka yi shekara arba'in ana bin maganarsa. Sai a 1933 likitoci uku a London, watau Smith da Andrewes da Laidlaw, suka ɗebi ruwan maƙogwaron masu mura, suka tace shi da matacin da bakteriya ba ta iya ratsawa, sa'an nan suka ɗiga shi a hancin wata dabba mai kama da tunku. Dabbar ta kamu. Ashe akwai abin da ya fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, wanda madubin likita na yau da kullum ba ya nunawa. Shi ake kira bairas. Amma a yi wa Pfeiffer adalci: bairas kan buɗe ƙofa, bakteriya ta biyo baya da ciwon haƙarƙari, kuma ta haka yawancin mutanen 1918 suka rasu.

To, saura jarirai masu numfashi da kyar, ƙirji na kuka, alhali ba marisuwa ba ce. Wannan a jikin birai aka fara gano shi. A 1955 waɗansu manyan birai da ake ajiye da su don bincike a Amurka suka yi mura, aka sami wani sabon bairas gare su. Da shekara ta kewayo Robert Chanock ya same shi a jikin jarirai marasa lafiya a Baltimore. Aka sa masa suna RSV. Da wuya yaro ya cika shekara biyu bai gamu da shi ba. Galibi mura ce kurum, amma ga jinjiri yakan toshe ƙananan hanyoyin iska na huhu, kuma allurar fanisilin, wadda iyaye suka ɗauka maganin kome ce, ba ta taɓa shi ko kaɗan.

Neman rigakafinsa ya zo da baƙin ciki. Wanda aka gwada a Amurka a 1966 ya ƙara wa yaran tsananin ciwo, biyu suka mutu, masana suka ja da baya. Sai a 2023 aka amince da allurar da ake yi wa mai ciki, domin jariri ya fito da kariya daga jinin uwarsa.