Abin da Ke Cikin Sunan Majalisa

Kalmar majalisa daga Larabci ta fito, ma'anarta wurin zama. Da ita Bahaushe yake kiran kowane taro mai yin doka. Amma a Ghana, Nijar da Kamaru kowace majalisa tana da sunanta na hukuma, kowane suna kuwa da tarihinsa.

Ghana ta gaji sunan Parliament daga Ingila. Tushensa kalmar Faransanci ce, parler, wato yin magana. Tun ƙarni na 13 sarakunan Ingila sukan tara manyan ƙasa a tattauna, musamman in suna bukatar kuɗi. Sannu a hankali taron ya yi ƙarfi, har a 1689 aka kafa doka cewa sarki ba zai ɗora haraji ba sai da yardar taron.

Nijar da Kamaru kuwa daga Faransa suka ɗauko Assemblée nationale, wato taron al'umma. Ran 17 ga Yuni 1789 wakilan talakawan Faransa suka laƙaba wa kansu wannan suna, domin su nuna cewa ƙasa ta jama'a ce, ba ta sarki kaɗai ba.

Kamaru tana da majalisa ta biyu, Sénat, wadda ta fara zama a 2013 da mutum 100: an zaɓi 70, shugaban ƙasa ya naɗa 30. Sunan ya samo asali daga senex, wato tsoho a harshen Romawa, gama dattawa ne mashawartan Roma ta dā. Ashe fassarar Hausa, Majalisar Dattawa, ta faɗa daidai.

Ko da yake sunayen sun bambanta, aikin ɗaya ne: yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, da tambayar masu mulki yadda suka kashe dukiyar jama'a. Shi ya sa in soja suka ƙwace mulki, majalisa ce suke fara rufewa. An rufe ta Ghana a 1966, 1972 da 1981, ba ta sake zama ba sai Janairun 1993. Ta Nijar ta yi shekara 15 a rufe bayan juyin mulkin 1974, aka kuma rushe ta a 2023.

Duk lokacin da aka kulle wannan zaure, ba a daina karɓar haraji a kasuwa ba. Abin da talaka ya rasa shi ne wakilin da zai tashi ya tambaya a madadinsa: ina kuɗin ya tafi?