Fuskar Sarkin Birai da Tarihin Launinta

Daga Mayo-Oulo har Garwa, masu kallon finafinan Sin sun san birin nan mai yaƙi da sanda. Sunansa Sun Wukong, kuma fentin da ake yi wa fuskarsa ba son ran mai zane ba ne.

Labarinsa yana cikin littafin Tafiya Zuwa Yamma, wanda aka buga a 1592, ake danganta shi ga Wu Cheng'en. Tafiyar kam gaskiya ce: malamin addinin Buda, Xuanzang, ya bar Sin wajen 629 ya nufi Indiya neman littattafai, bai dawo ba sai 645. Birin ƙari ne daga bakin masu ba da labari. A farkon ƙarni na 20 har an yi jayayya: Hu Shi ya ce daga Hanuman na Indiya aka aro shi, Lu Xun ya ce ɗan gida ne.

An daɗe a titunan Sin ana murza kullu mai launi, a yi ɗan mutum-mutuminsa a kan tsinke don yara. Kan bai wuce ƙwayar goro ba, amma dole ya bi tsarin 'yan wasan dandali: farar fuska, ja a tsakiya ya kewaye ido da hanci, sannan ruwan zinariya a idanu. Idanun suna da dalili. An kulle shi cikin tanderu kwana 49 don ya ƙone, bai ƙone ba, sai dai hayaƙi ya jajanta masa ido.

Abin da ke saman kan ya fi faɗin magana. In ka ga dogayen gashin tsuntsu biyu, to birin yana zamanin tawayensa ne, bai san na gaba ba. In ka ga kawanyar zinariya a goshi, ya riga ya yi shekara 500 danne ƙarƙashin dutse, kuma malaminsa na karanta kalmomin da ke matse kawanyar duk lokacin da ya yi taurin kai. Mai fentin da ya haɗa biyun a kai ɗaya, a ganina, ya cakuɗa ɗan tawaye da almajiri.

Fim ɗin zane na Wan Laiming, na 1961 da 1964, ya riƙe ja da farin nan. Wasan kwamfuta Black Myth: Wukong na 2024 kuwa ya ajiye su, ya fito da biri mai gashi kamar na dawa.