DAGA GIMI ZUWA WUSASA

'Yan'uwana mata, lokacin da muke yara a nan Kawo akwai wata mata a gidan da ke jikin namu, muna ce mata Maman Wusasa. Hausarta ta fi ta kowa daɗi a layinmu, irin ta Zazzagawan asali, ga iya tuwon shinkafa, ga kunya. In za ta shigo gidanmu sai ta yi sallama, ta ce wa Ummata, "Yaya, an tashi lafiya?" Amma ranar Lahadi sai ta ci ado ta ɗauki littafinta ta tafi coci. Ni dai abin ya daɗe yana ɗaure min kai, don a tunanina na yarinta Bahaushe ba ya zuwa coci. Ran nan na kasa haƙuri na tambaye ta, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "'Yata, mu mutanen Gimi ne." Sai da na girma na soma rubutu sannan na bi diddigin wannan magana.

Asalin labarin daga Kano ya taso. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda ya duƙufa kan ayoyin da suka ambaci Annabi Isa, har ya tara almajirai ana ce musu Isawa. Koyarwar tasa ba ta yi wa hukuma daɗi ba, aka kashe shi a kasuwa, almajiran suka watse, wasu suka nufi wajen duwatsun Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan da ke tsakanin Kano da Zazzau. Haka suka zauna shekara da shekaru, 'ya'ya suna gadon abin daga iyaye.

Can kuma a birnin Zariya akwai wani Bature likita ɗan mishan, Dokta Miller. Shi ne wanda ya zo Kano a 1900 tare da Bishop Tugwell, Sarki Alu ya sallame su ba shiri. A 1905 ya samu wurin zama cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin magani. To a 1913 sai ga wasu daga zuriyar Isawan nan sun zo wajensa, bayan an yi ta kai da komo da dama daga cikinsu suka karɓi Kiristanci. Da yake a warwatse suke, sai suka nemi a haɗa su wuri ɗaya, aka samu fili a Gimi cikin ƙasar Zazzau, suka sare daji suka kafa gari, da majami'arsu da makarantarsu da gonakinsu.

Allah sarki, ashe ba su san dajin cike yake da ƙudan tsando ba. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga garin. Wadda ba ta san wannan ciwo ba, ta gode wa Allah. Mutum zai fara da zazzaɓi da kumburi a wuya, sai kasala, sai ya riƙa gyangyaɗi da rana tsaka, tuwo na hannunsa barci ya ɗauke shi, har ranar da ba zai farka ba. Magidanta suka tafi, mata suka tafi, aka bar marayu. Maman Wusasa takan ce a cikin danginta na wancan lokaci ba ka tambayar yaro wace ce ta haife shi, wadda ta rayu ita ce uwa. Ni a ganina nan ne asalin haɗin kan mutanen nan yake, ba a kan wa'azi kaɗai ba. Garin ya mutu, amma jama'ar ba ta watse ba, waɗanda suka rage suka tattara suka koma Zariya, yaran suka shiga makarantar mishan.

A 1929 aka fitar da mishan ɗin daga cikin ganuwa zuwa gindin dutsen Wusasa, don zamansa a tsakiyar birnin Musulmi bai kwanta wa sarauta ba, bai kwanta wa Turawan mulki ba. Dokta Miller kansa bai zauna can ba, ya duƙufa kan fassara, har aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. A Wusasa suka gina cocin Saint Bartholomew, kuma abin da ya burge ni da ginin shi ne da ƙasa aka yi shi, da bakan gizo, irin sorayen sarakunanmu. Kusa da shi ga asibitin Saint Luke, inda matan Musulmi da yawa suka haihu, ga makaranta. Addu'a da Hausa, waƙa da Hausa. Bahaushe da Bafulatani da Ba'angashe duk layi ɗaya suke zama.

Kada ku raina ɗan ƙauyen nan. Daga cikin jama'arsa Dokta Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Janar Yakubu Gowon, da ya mulki ƙasar nan daga 1966 zuwa 1975, a nan ya tashi, mahaifinsa mai aikin bishara ne da ya zo daga wajen Fankshin. Haka Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello. Mu kuma marubuta muna da namu, John Tafida, wanda shi da Rupert East suka rubuta Jiki Magayi, ɗaya daga cikin littattafai biyar da aka buga bayan gasar 1933. Sau nawa muka karanta shi a makaranta ba mu kula daga ina marubucin yake ba?

Sai dai tarihin da ake rubutawa duk na maza ne, wannan kuwa yana ba ni haushi. Wa ya yi renon marayun Gimi? Wa ke dafa abincin biki da na makoki? A coci-cocin Arewa akwai abin da suke kira Zumuntar Mata, da ankonsu da tukwanen da suke kaɗawa in suna waƙa. Na ga aikinsu da idona ranar da mijin Maman Wusasa ya rasu, kafin azahar sun cika gidan, wata da itace, wata da kwanon masara, wata ta kama wanke-wanke, suka kwana bakwai suna karɓa-karɓa ba su bar ta ita kaɗai ba. Ummata ma ta aika da kunu.

Zaman nasu kuma ba mai sauƙi ba ne, don kullum a tsakiya suke. Danginsu Musulmi na ganin sun bar gida, wasu Kiristocin kuma in sun ji Hausarsu da sunayensu sai su riƙa ɗari-ɗari da su. A watan Maris na 1987 rikicin Kafanchan ya iso Zariya aka ƙona coci-coci. A watan Fabrairu na 2000 kuma wuta ta tashi a nan Kaduna, bayanta gari ya rabu, yawancin Kiristoci suka tsallaka kogi suka koma kudu, Musulmi suka taru a arewa.

Maman Wusasa ba ta tsallaka kogin ba. Ta ce ita can ɗin ma baƙuwa za ta zama, gara ta koma gindin dutsensu. Mu muka raka ta tashar Kawo da sassafe, Ummata na ɗauke da ƙullin kayanta, ni ina riƙe da butarta. Da motar Zariya ta cika, sai ta leƙo ta taga ta ce, "Yaya, turmina yana bayan ɗaki, ki riƙe shi." Yana nan gidanmu har yau, da shi muke dakan fura.