Dokar Kwana Takwas da Askar Wanzami: Tarihin Kaciya Tsakanin Yahudawa da Kirista

A Gabi, da sauran garuruwan da ke kudu da Madarunfa har zuwa dajin Baban Rafi, lokacin shayi sananne ne tun kaka da kakanni. Sai an kai amfanin gona gida, rumbu ya cika, ɗari ya sauka, sannan a tara yara maza 'yan shekara bakwai zuwa tara a kira wanzami. Ana ganin miki ya fi saurin warkewa da sanyi, kuma a lokacin ne maigida ke da halin ciyar da ɗan shayi da kaza da fura mai kauri. Musulmi na yi, Anna masu bin addinin gargajiya sun yi, Kiristocin ƙasar Maradi ma ba su bari ba. Na ƙarshen nan ne abin tambaya, domin addinin Kirista bai cika shekara ashirin da kafuwa ba sai da ya kusa rabuwa gida biyu a kan wannan aska.

Tushen dokar na cikin Attaura, a Littafin Farawa sura ta 17. A can aka faɗi cewa Allah ya ƙulla alkawari da Ibrahim yana da shekara 99, ya yi masa albishir da zuriya da ƙasa, ya kuma sa kaciya ta zama shaidar alkawarin a jikin kowane namiji na gidansa, ɗa ne ko bawa. Isma'ilu na da shekara 13 aka yi masa, rana ɗaya da mahaifinsa. Ishaku kuwa a rana ta takwas da haihuwa aka yi masa, kuma ita ce ta zauna doka ga Bani Isra'ila. Ba daga nan aka fara kaciya a duniya ba. Masarawa sun daɗe suna yi, zanenta na nan a bangon wani kabari a Sakkara mai shekara sama da dubu huɗu. Sabon abu shi ne ma'anar da aka ɗora mata: wanda ba shi da wannan shaida, an fitar da shi daga jama'ar alkawari, ba ya ma cin ragon Idin Ƙetarewa.

Yahudawa na ƙidaya ranar haihuwa a matsayin rana ta farko. Saboda haka yaron da aka haifa Talata, Talata mai zuwa ce ranar kaciyarsa, kuma a nan ake raɗa masa suna. Wato ranar da mu muke yanka ragon suna, wanzami ya zo ya yi aski, ita ce dai ranarsu. Dokar ta yi nauyi har ta rinjayi hutun Asabar: in rana ta takwas ta faɗo Asabar, ana yi, alhali ko wuta ba a hurawa ranar.

Abin da ya ƙara mata daraja shi ne jinin da aka zubar dominta. A shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, sarki Antiyokus na huɗu, mai mulkin Siriya, ya haramta kaciya da kiyaye Asabar don ya mayar da Yahudawa tamkar Girkawa. An kashe mata da jariransu saboda sun saɓa wa wannan umarni, daga nan tawayen Makabiyawa ya tashi. Mutanen da kakanninsu suka mutu a kan abu ba sa sakinsa da sauƙi, kuma duk mai son ya yi wa waɗanda daga baya suka ja da manzo Bulus a kan kaciya adalci, dole ya tuna da wannan.

Yesu kansa an yi masa kaciya a rana ta takwas, kamar yadda Luka ya rubuta, haka ma Yahaya mai baftisma. Almajiransa na farko duk Yahudawa ne, babu wanda ya ga matsala. Matsala ta taso ne sa'ad da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara shigowa, irin su Karniliyus, hafsan sojan Roma a Kaisariya, da ɗimbin Girkawan Antakiya. Wasu suka zo daga Yahudiya suna koyar da cewa ba ceto sai da kaciya bisa shari'ar Musa. Bulus da Barnaba suka ƙi. Aka kai magana Urushalima wajen shekara ta 49 Miladiyya, manzo Bitrus ya yi bayani, Yakubu, jagoran taron, ya yanke: ba za a ɗora wa al'ummai kaciya ba. Abu huɗu kawai aka ce su guje wa, wato abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman dabbar da aka shaƙe, da fasikanci. Bahaushe in ya ji wannan jeri ba zai ji baƙon abu ba.

Hujjar Bulus ita ce ta fi jan hankalina, domin daga cikin Attaurar ya ciro ta. Ya ce a dubi jerin labarin: an lissafta wa Ibrahim adalci saboda bangaskiyarsa tun a sura ta 15, kaciya kuwa sai a ta 17. Ashe an karɓe shi tun bai yi ba, ita kuma ta zo ne ta hatimce abin da ya riga ya tabbata. Ya kuma jingina da Musa da Irmiya, waɗanda suka daɗe suna kiran mutanensu su yi wa zuciya kaciya, wato su yanke taurin kai. A wasiƙar Kolosiyawa an haɗa wannan da baftisma. Amma a lura, Bulus bai ce aikin kansa zunubi ba ne. Titus Bagirke ne, ya hana a tilasta masa. Timoti kuwa, da yake uwarsa Bayahudiya ce, shi da kansa ya sa aka yi masa don kada Yahudawa su toshe kunne. Abin da ya yaƙa shi ne a mai da ita kuɗin shiga.

Daga nan hanya ta rabu. Turai ba ta ɗauki al'adar ba, sai dai ta riƙa tunawa da kaciyar Yesu ranar 1 ga Janairu. Kibɗawan Masar da Kiristocin Habasha suka ci gaba da yi. Majalisar Filorens ta la'anci hakan a 1442. Da 'yan mishan na Katolika suka matsa wa Habasha, sarki Galawdewos ya ba su amsa a rubuce a 1555 cewa su ba don shari'ar Musa suke yi ba, al'adar ƙasa ce kawai, kamar tsagar fuska a wasu ƙasashe. A ganina ya fi masu tuhumarsa fahimtar Bulus. Matsin bai tsaya ba, har sarki Fasiladas ya kore su daga ƙasar bayan ya hau gado a 1632.

A namu ɓangaren, Musulunci ya riƙe kaciya a matsayin sunnar Annabi Ibrahim kuma ɗaya daga cikin abubuwan fiɗira, ko da yake Alƙur'ani bai ambace ta ba. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a ƙasar Hausa, sunna ce mai ƙarfi ga maza. An ruwaito Imamu Malik bai so a yi wa jariri a ranar suna ba, don kada a yi kama da Yahudawa, kuma malaman mazhabarsa sun fi son a jinkirta har lokacin da ake umartar yaro da salla, daga shekara bakwai zuwa goma. Wannan ya zo daidai da shekarun 'yan shayinmu.

Haka 'yan mishan na SIM suka tarar da ƙasar sa'ad da suka sauka Damagaram a 1924, suka buɗe Tibiri bayan 'yan shekaru, sannan Maradi, da asibitin kutare na Danja a 1956, a kan hanyar Ɗan Isa. Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Bahaushen da ya buɗe wasiƙar Galatiyawa ya tarar da rigima a kan abin da shi an yi masa tun yana yaro, ba wanda ya tambaye shi. Ba a nemi ya yi ba, ba a kuma hana shi yi wa 'ya'yansa ba. Kirista a Maradi yana yi wa ɗansa shayi ne kamar yadda Galawdewos ya faɗa: don lafiya, don tsabta, don kada a yi wa yaro gori cikin sa'o'insa.

Sai dai tambayar Antakiya ba ta mutu ba, wuri kawai ta sauya. Me mutum zai ajiye daga al'adar gidansu kafin a karɓe shi? A nan ƙasar ta faɗa ne a kan mai mata biyu da ke neman baftisma, wanda mishan suka ƙi yi wa, da kan kiɗa da maroƙa a wajen biki, da kan yadda za a yi taron suna ba tare da an ce an koma gidan jiya ba. Da ikkilisiyar EERN, wadda ta fito daga aikin SIM, ta tsaya da ƙafarta wajen lokacin samun 'yancin kan Nijar, fastoci da dattawa 'yan ƙasa ne suka gaji waɗannan shari'o'i, kuma a wannan karon waɗanda ake yanke wa hukunci iyayensu ne da surukansu.