Yadda na'urar sikanin ke gano iska a ƙirji bayan amai

Amai mai tsanani kan sa iska ta kuɓuce zuwa inda ba muhallinta ba a cikin ƙirji, ko dai tsakanin huhu da haƙarƙari, ko kuma a sararin da ke tsakanin huhu biyu, inda zuciya take.

Sau da yawa 'yan ƙananan jakunkunan iska na huhu ne ke fashewa saboda ƙarfin yunƙuri, kuma jiki kan shanye iskar cikin 'yan kwanaki.

Amma wani lokacin bututun abinci ne ke yagewa, galibi daga can ƙasa ta ɓangaren hagu, sai abinci da ruwan ciki su kwarara cikin ƙirji. Wannan kan yi kisa.

Wani likita ɗan ƙasar Holand, Herman Boerhaave, shi ne ya fara bayyana cutar a 1724, bayan ya binciki gawar wani babban hafsan sojan ruwa da ya mutu bayan ya yi amai.

Marar lafiya kan yi kukan ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, har a ɗauka ciwon zuciya ne. Wani sa'in fatar wuyansa kan yi ƙaras-ƙaras idan an taɓa.

Na'urar sikanin, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita, tana aiki ne da sautin da kunne ba ya ji, kuma sautin ba ya ratsa iska. Wannan naƙasar ce likitoci suka mayar abin amfani.

A jikin mai lafiya ana ganin tantanin huhu yana zamewa gaba da baya tare da numfashi. Idan iska ta shiga tsakani, motsin sai ya ɓace. Likitan Faransa Daniel Lichtenstein ya wallafa bincike kan wannan alama a 1995.

Idan kuwa iskar na gaban zuciya ne, hoton zuciyar kan dushe ko ya ɓace daga saman ƙirji, alhali ana iya hango ta daga ƙarƙashin ƙashin ƙirji.

Gwajin na ɗaukar 'yan mintoci, kuma ba sai an ɗaga marar lafiya daga gadonsa ba.

Sai dai na'urar ba ta faɗin inda iskar ta fito. Don tabbatar da yagewar bututun abinci sai an yi hoton CT, ko a bai wa marar lafiya wani ruwa mai fitowa a hoto ya haɗiye.

Waɗanda aka fara yi wa magani cikin sa'o'i 24 na farko sun fi samun damar tsira.