Kundi Yana Bin Mai Ɗaukar Nauyinsa

Malam Umaru Falke, ɗan kasuwa kuma malami a Kano, ya rasu a 1962, ya bar rubuce-rubucen hannu sama da 3,000. Yau suna ɗakin karatu na Jami'ar Northwestern a Amurka, inda aka samu kuɗin jera su da adana su. Ɗalibinmu na Malam Madori, in yana son taɓa su, sai ya nemi biza.

A gida ma an yi yunƙuri. A 1970 aka kafa Arewa House a Kaduna, a gidan Sardauna, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith, don tattara takardun tarihin Arewa. Sai dai Kaduna ba za ta iya leƙa kowace adaka ba.

Duk wasiƙar da ta rage a gidajenmu daga zamanin Sarkin Haɗejiya Buhari, ko yaƙin Turawa na 1906, tana tsakanin gara da ambaliya irin ta 2022.

Mun saba haɗa kuɗin ginin masallaci. Mu haɗa wa ɗakunan karatunmu na kyamara, kwamfuta da albashin mai ɗaukar hoton shafi-shafi, kafin damina ta riga mu.